Birni, Zango da Sabon Gari: Tarihin Ƙwaryar Damagaram da Yunƙurin Raya Ta

Gabatarwa

A farkon watan Satumba na 2024, bayan ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, tsohon masallacin da ke unguwar Birni a Damagaram ya rushe. Ginin ƙasa ne da aka ɗora tun ƙarni na 19, zamanin da sarakunan Damagaram ke cin gashin kansu, kuma har ranar faɗuwarsa yana cikin wuraren da ake fara kai baƙo idan ya zo ganin gari. Daminar wannan shekara ta yi wa Nijar ɓarna mai yawa. Ɗaruruwan mutane sun rasu, ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya, har sai da aka jinkirta buɗe makarantu. Ke nan ba masallacin kaɗai ruwa ya ci ba. Sai dai faɗuwarsa ta fi ɗaukar hankali, domin shekara shida ba ta cika ba da aka yi gagarumin bikin da aka sa wa suna Zinder Sabuwa, wanda aka ce an yi shi ne don a sabunta garin.

Wannan maƙala za ta bi tarihin ƙwaryar Damagaram daga ƙarni na 19 zuwa yau, don a gane dalilin da ya sa gari ke iya samun sababbin tituna da fitilu alhali tsohuwar cibiyarsa tana zubewa. Abin da tarihin ya nuna shi ne, duk lokacin da masu iko suka tashi inganta garin, sukan kafa sabuwar cibiya ne a gefen tsohuwar. Ita kuwa tsohuwar, mazaunanta ne suka riƙe ta da yaɓen shekara-shekara, gwargwadon abin da sana'a ta ba su.

Ma'anar wasu kalmomi

Kafin a shiga tarihi, ya kyautu ɗalibi ya tsaya a kan sunayen unguwanni uku da garin ya ginu a kansu, don kowane suna yana ɗauke da labarinsa.

Birni a Hausa gari ne mai ganuwa, mazaunin sarki da fadawa da malaman fada. A Damagaram ana kiran ganuwar da garu. Zango kuwa masaukin ayari ne, kuma kalmar tana nufin tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki. Fatake ne suka yaɗa ta, shi ya sa har a Kumasi da Akara ake kiran unguwannin Hausawa da sauran baƙin arewa da wannan suna. Sabon gari kuma suna ne da ya yi yawa a zamanin mulkin mallaka. A Kano da Zariya unguwa ce da Ingilishi suka keɓe wa baƙi daga kudu. A Damagaram yankin da ya tashi tsakanin Birni da Zango ne, kusa da bariki da kantunan Turawa.

Haka nan akwai aikatau huɗu da ake yawan cakuɗawa idan ana zancen gari: ƙawata, sabunta, gyara da raya. Ƙawatawa ado ne. Sabuntawa ita ce sa sabo a gurbin tsoho. Gyara shi ne mayar da abin da ya lalace yadda yake. Raya kuwa daga rai take, wato a sa abu ya ci gaba da numfashi. Ana iya ƙawata kango, ana iya sabunta shi, amma ba a cewa an raya unguwa sai mutane na kwana a cikinta, suna cin abinci daga sana'ar da ke cikinta.

Kafuwar Birni da Zango

Daular Damagaram ta fara ne a ƙarni na 18 a matsayin ƙaramar sarauta da ke biyan gaisuwa ga Borno. A farkon ƙarni na 19 Sarki Sulaiman ya mayar da gadon sarauta zuwa inda garin yake a yau, tsakanin manyan duwatsun da har yanzu suke tsaye a cikin unguwanni. Wurin ya dace da tsaro, ya kuma faɗo a kan mahaɗar hanyoyi: ta arewa mai fitowa daga Abzin da Damargu zuwa Kano, da ta gabas mai haɗa Borno da Katsina.

Matafiyan Turai sun iske garin yana tashe. James Richardson ya sauka a cikinsa a farkon 1851, ya kuma rubuta abin da ya gani na hare-haren kamun bayi, waɗanda suke cikin ginshiƙan dukiyar fada a lokacin. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya iso a ƙarshen 1852, ya zauna kimanin wata guda yana jiran kuɗi da kaya daga arewa kafin ya nufi Katsina da Sakkwato. Zamansa na jira ya isa shaida cewa garin tasha ce da saƙo daga Tarabulus ke iya iske mutum a cikinta.

Sarkin da ya fi kowa barin suna shi ne Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya rasu a 1884 bayan kimanin shekara talatin a kan gado. A zamaninsa aka kewaye Birni da garu mai kauri, aka ƙera igwa, aka tara bindigogi, daular kuma ta faɗaɗa har ta daina jin tsoron Borno. Marigayi André Salifou, wanda jami'ar garin ke ɗauke da sunansa a yau, ya rubuta littafi a kan tarihin daular a ƙarni na 19, ya kuma yi wasan kwaikwayo a kan Tanimun.

A arewa da garu kuwa Zango ke zaune. Nan ayarin Abzinawa ke sauke kantun gishirin Balma da dabino, su ɗauki hatsi da tufafi. Nan fataken Gadamas da Tarabulus ke sayen kirgi da gashin jimina da hauren giwa da bayi, su sayar da yadi da takarda da takubba da sukari. Attajiran gida irin su Malam Yaro sun yi ƙarfin da har harkarsu ta kai bakin tekun Bahar Rum.

Abin lura a nan shi ne garin yana da cibiya biyu tun asali, kuma kowace na bukatar 'yar'uwarta. Birni na ba da tsaro da shari'a, Zango na kawo dukiya. Kuɗin fito da na fatauci su ne ke biyan magina da dukawa da marina da maƙera. Katangar da aka yi wa zane, da zauren da aka ɗaure da bakan gizo, da zankwayen da ke kan soraye, duk ribar wannan ciniki ce ta koma ƙasa da azara.

Zuwan Faransawa da cibiya ta uku

A watan Mayu na 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou na Faransa a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuren Daga. A ƙarshen watan Yuli na 1899 dakarun Faransa suka ci rundunar Damagaram a Tirmini, yamma da gari, suka shiga Birni, ba a jima ba kuma aka kashe sarkin. Sai suka kafa sansaninsu a kan duwatsun da ke wajen garu, suka sa masa sunan kyaftin ɗin da aka kashe. Daga wannan rana ikon gaske ya fita daga fada ya hau dutse.

A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da shirya tawaye. Suka tuɓe shi, suka kai shi gudun hijira Kodebuwa, suka kuma kama wasu manyan gari har da Malam Yaro. Aka damƙa riƙon gari ga Ballama, wani bafade, ba a mayar da sarauta ga gidanta ba sai a 1923, lokacin da aka naɗa Barma Mustafa. Wato a bugu ɗaya aka karya shugaban Birni da babban attajirin Zango.

Daga 1911 zuwa 1926 Damagaram ce hedikwatar yankin da ya zama Nijar. A waɗannan shekaru aka gina ofisoshi da gidajen ma'aikata da makaranta da asibiti, aka shata tituna miƙaƙƙu, duka a filin da ke wajen garu. Kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna a nan. Ciniki ma ya bi su. Babbar kasuwar garin, wadda ke cika maƙil ranar Alhamis, sunanta Kasuwar Dole, kuma mutanen gari na danganta sunan da tilascin da hukuma ta yi wa 'yan kasuwa su koma can. Ko ba komai, sunan ya adana yadda talakawa suka ɗauki wannan sauyi.

Wannan shi ne karon farko da aka inganta Damagaram bisa tsarin zamani, kuma shi ya zama abin koyi ga na baya. Ba a rushe Birni ba, ba a kuma gyara shi ba. An bar shi a matsayin garin 'yan ƙasa, an gina wani a gefensa. Garun da ya rasa aikin yi ya rasa mai yaɓe, ya yi ta zaizayewa har ya zama ɗan abin da ya rage a yau bai taka kara ya karya ba.

Abubuwan da suka janye wa garin jini

Ba mulki kaɗai ya bar ƙwaryar gari ba, hanyar fatauci ma ta juya. Abubuwa uku suka faru kusa da juna. Na farko, layin dogo daga Legas ya iso Kano a 1911, ya fara aiki sosai a 1912. Kayan da raƙumi ke ɗaukar watanni kafin ya kawo daga Tarabulus, yanzu jirgin ruwa da na ƙasa na kawo su da arha ta kudu. Na biyu, Italiya ta auka wa Libiya a 1911, hanyar hamada ta rikice. Na uku, tawayen Kawusan a Abzin a 1916 da 1917, da irin murƙushewar da Faransawa suka yi masa, sun hallaka mutane da raƙuma masu yawa, suka raunana ayarin da Zango ke rayuwa a kansa. Garin da a da yake ƙofar shigowar kayan arewa ya koma ƙarshen hanyar da ta taso daga Kano, mai nisan kimanin kilomita 240.

Sai kuma 1926, shekarar da Gwamna Jules Brévié ya mayar da hedikwata Yamai. Dalilan da masana tarihi ke kawowa sun haɗa da kusancin Damagaram da Nijeriya ta Ingilishi, da kasancewar Yamai a bakin kogi kuma kusa da sauran ƙasashen da Faransa ke mulka, da kuma ƙarancin ruwa. Wannan na ƙarshe ba uzuri ba ne kurum. Garin yana zaune a kan dutse, ruwan ƙarƙashin ƙasa kaɗan ne, shi ya sa har yau daga nesa ake jawo masa ruwa, daga rijiyoyin Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Duk wanda ya yi bazara a Damagaram ya san darajar ɗan ga-ruwa. Abin mamaki, dutsen da ke hana garin ruwan sha shi ne kuma ke hana ruwan sama nutsewa, sai ya kwarara cikin lunguna ya kwanta a gindin katanga. Ƙishirwa da ambaliya tushensu ɗaya.

Gyaɗa ta ɗan mayar wa garin da numfashi. Daga shekarun 1930 ƙasashen Magarya da Matamai suka zama gonakin gyaɗa, ana sayenta a kai Kano, daga baya kuma gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don ya riƙe cinikin. Kuɗin gyaɗa sun gina gidaje masu ado a Zango da Sabon Gari. Amma farin da aka yi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1974, da cutar da ta auka wa gyaɗa bayansa, sun karya wannan ciniki. A daidai lokacin ne kuma arzikin ƙasa ya koma kan yuraniyom na Arlit, wanda kuɗinsa ke zuba Yamai, Maraɗi kuma ta zama babbar cibiyar kasuwanci da Nijeriya.

Abubuwan ci gaba da suka zo daga baya su ma a waje suka sauka. An kafa jami'a a 2010. Matatar mai ta SORAZ, mai tace ganga 20,000 a rana, ta fara aiki a 2011 a wani wuri mai nisan kimanin kilomita 50 arewa da gari. Jama'a ta ƙaru, ƙidayar 2012 ta nuna mazauna garin sun haura 230,000, sababbin unguwanni suka yi ta tsirowa a gefe. Mai hali yakan sayi fili a can ya yi ginin siminti, ya bar gidan gado a Birni ga tsofaffi da 'yan haya da dangin da ba su da ƙarfi.

Bikin 18 ga Disamba: kwalliya da kuɗin sabulu

Ranar 18 ga Disamba 1958 aka ayyana Nijar a matsayin jamhuriya. A 2006 gwamnatin Tanja Mamadu ta fito da tsarin zagayawa da bikin wannan rana daga jiha zuwa jiha, a kuma yi wa garin da zai karɓi baƙi ayyukan raya ƙasa. Damagaram ce ta fara. Gwamnatin Mahamadu Isufu ta farfaɗo da tsarin, ta ƙara masa kuɗi da suna: Doso a 2014, Maraɗi Kwalliya a 2015, Agadas a 2016, Tawa a 2017, sai Zinder Sabuwa a 2018, wadda ta zo daidai da cikar jamhuriya shekara 60.

Adalci ne a faɗi cewa tsarin yana da amfani. Ƙasar da kusan komai nata ke taruwa a babban birni, ba ƙaramin abu ba ne a ce kowace jiha za ta samu shekararta. An shimfiɗa kwalta, an kafa fitilu, an gyara filin jirgin sama, an gina dandali da masaukai, matasa kuma sun samu aikin 'yan watanni. Wanda ya san garin kafin 2018 ba zai musa cewa manyan titunansa sun canza ba.

Amma ɗalibin harshe ya dubi sunayen da kyau: Kwalliya, Sabuwa. Suna cikin gidan ƙawatawa da sabuntawa, ba su shiga gidan gyara da raya ba. Kuma yanayin aikin ne ya jawo haka. Aikin da aka ɗaure da ranar biki dole ya zaɓi abin da za a gama cikin watanni, wanda kuma baƙo zai gani daga cikin mota: hanyar filin jirgi, shataletale, dandalin fareti. Lungun Birni da mota ba ta shiga, da magudanar ruwan da ke bayan gidaje, da katangar da gindinta ya jiƙe, ba sa cikin abin da ake yanke wa kyalle. Bayan biki kuma kwamiti ya watse, kuɗi su koma jiha ta gaba, a bar wa ma'aikatar magajin gari nauyin kula da abin da ba ta da ƙarfin riƙewa.

Akwai kuma farashin da talaka ke biya idan aka ɗauki tsabtar titi a matsayin ma'aunin ci gaba. An ga haka a Yamai a 2016, lokacin da aka rushe rumfuna da shaguna masu yawa a bakin tituna, ana shirin karɓar taron ƙungiyar Tarayyar Afirka na 2019. Titi ya yi fili, amma mai shayi da tela da mai gyaran waya su ne ke sa tsakiyar gari ta zama tsakiya. In aka kore su ba tare da an ba su wani wuri kusa da masu sayensu ba, an rage wa unguwa rai ne da sunan gyara ta.

Ta wannan fuska, Zinder Sabuwa ta bi sawun 1911. An sake inganta abin da ke wajen garu. Birni kuwa, duk da cewa Nijar ta sa shi tare da fadar sarki a jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su tun 2006, har yau yana matakin jira.

Abin da ke kayar da ginin ƙasa

Don a fahimci rushewar 2024, sai an san yadda ginin ƙasa ke rayuwa. Maginin Hausa yana aiki da tubali da aka mulmula da hannu, da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai haɗe da ciyawa, da azarar giginya wadda gara ba ta cika ci ba. Yakan yi wa katanga gindi mai kauri ta riƙa sirancewa zuwa sama. Yakan sa indararo ya jefa ruwan rufi nesa da bango. Yakan shafe waje da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Irin wannan gini yana da sanyi a bazara da ɗumi a hunturu, kuma yana iya wuce shekara ɗari. Sharaɗinsa guda ne: kowace shekara kafin damina a duba rufi, a toshe tsaga, a share indararo, a sake yaɓe. Ginin ƙasa alkawari ne tsakanin gida da masu gida, ana sabunta shi duk shekara.

Abubuwa huɗu ke warware wannan alkawari a tsofaffin unguwanni. Na farko talauci, don yaɓe na bukatar ƙasa da ruwa da ladan magini, a garin da ruwan ma saye ake yi. Na biyu gado. Gidan da magada ashirin suka mallaka, rabinsu suna Yamai ko Kano, ba shi da mai cewa nawa ne idan rufi ya tsage, ba shi kuma da mai ikon sayarwa. Na uku siminti. Mutane da yawa na shafe katangar ƙasa da shi da nufin kare ta, alhali yana hana ta fitar da laima. Ruwa ya shiga ta tsaga ya maƙale a ciki, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana ɓawon simintin ya faɗo da rabin bango. Na huɗu hanyar ruwa. Kududdufan da aka haƙa aka ɗebi ƙasar gini su ne matattarar ruwan unguwa. Idan aka cike su da shara ko aka yi gini a kansu, idan kuma aka ɗaga titi ya fi daɓen gidaje tsawo, ruwa ba shi da wurin zuwa sai zaure. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwan 2024 kuwa ya iske tsagar da ta daɗe tana jiransa.

A kan waɗannan sai a ƙara raguwar masu sani. Yaron da ya ga maginin siminti ya fi samun aiki ba zai zauna shekaru yana koyon ɗaurin guga ba. Azara ma ta yi tsada saboda giginya ta ragu. Ranar da tsohon magini na ƙarshe a unguwa ya kwanta dama, kuɗi ba za su iya sayo abin da ya tafi da shi ba.

Darasi daga Agadas

Agadas ta ba da misali mai amfani, don ita ma tsohon gari ne na ƙasa mai fadar sarki a tsakiya. UNESCO ta sa tsohon garin a jerin kayan tarihin duniya a 2013. Hasumiyar babban masallacinsa, mai tsawon mita 27, asalinta tun ƙarni na 16 ne. Itatuwan da suka fito daga jikinta su ne matakan da magina ke takawa idan za a sake yaɓe, aikin da jama'ar gari ke haɗuwa su yi lokaci-lokaci da sa hannun fadar Sarkin Abzin. Wato tun ranar da aka gina ta aka tanadi hanyar gyaranta.

Duk da haka, shiga jerin UNESCO bai zama maganin komai ba. Baƙin yawon buɗe ido da ake sa rai sun ragu ƙwarai tun rikicin 2007, ruwan 2024 kuma ya taɓa gidajen tsohon garin Agadas kamar yadda ya taɓa na Damagaram. Abin da ya riƙe hasumiyar tsawon shekaru al'adar gyara ce da hukumar gargajiya mai kiran gayya. Takardar amincewa daga waje tana taimakawa, amma ba ta ɗaukar kwaɓaɓɓiyar ƙasa ta hau bango.

Kammalawa

Tarihin da aka bi ya nuna cewa Birni da Zango sun yi ƙarfi ne lokacin da mulki da ciniki da sana'a ke cikinsu, sun kuma yi rauni lokacin da waɗannan suka fita ɗaya bayan ɗaya: mulki a 1899, ayari bayan 1911, hedikwata a 1926, gyaɗa a shekarun 1970. Ba za a iya mayar da ayarin Tarabulus ba, ba kuma mai neman a mayar da cinikin bayin da ya gina wani sashe na wannan daula. Amma Birni bai mutu ba. Fada na nan tana sasanta mutane, ana hawan salla, makarantun allo na karatu, dukawan Damagaram kuma har yau ana yaba aikinsu. Akwai ran da za a raya.

In za a ɗauki darasi, aikin farko shi ne hanyar ruwa: a buɗe magudanai, a kare kududdufan da suka rage, a daina ɗaga titi sama da gidaje. Na biyu, ɗan kuɗi kaɗan da za a ware kowace shekara kafin damina don yaɓe da gyaran rufi ya fi tarin kuɗin da za a zuba sau ɗaya a shekara goma. Na uku, a ba tsofaffin magina aikin gyaran gine-ginen hukuma da na fada da sharaɗin su ɗauki almajirai. Na huɗu, fada da malamai da alƙalai su samo hanyar da magada za su wakilta mutum ɗaya ya kula da gidan gado. Na biyar, a bar masu ƙananan sana'o'i a inda suke, a gyara musu wurin. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai yi kyau a hoton ranar biki, shi ya sa suke bukatar masu tunatarwa.

Ɗaliban Hausa ma suna da rabonsu. Sunayen lunguna da ƙofofi da kududdufai, da kalmomin magina, da tarihin gidajen malamai da na fatake, yawancinsu suna bakin tsofaffi ne kawai. Wanda ke neman batun kundin digiri, ga shi nan a ƙofar gida: ya ɗauki littafi da na'urar ɗaukar magana ya shiga Birni ko Zango, ko tsohuwar unguwar garinsu, ya zauna da magini ya tambaye shi sunan kowane sashe na soro da yadda ake gyaransa. Masallacin da ya faɗi ana iya sake ɗora shi, muddin akwai wanda ya san yadda aka ɗora shi da farko.